Fuskar da Aka Zana da Gari

A ƙarni na 18, attajiran Ingila da ke zuwa yawon buɗe ido Italiya sukan tsaya a Benis, gidan Rosalba Carriera, ta zana su da allin launi da ake kira fastel. Da waɗannan hotuna suka fara isowa Landan, sai sana'ar ta samu gindin zama. A can, mai zane George Knapton ya koyar da Francis Cotes, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar masu zane ta Royal Academy a 1768. Cotes kuma ya koyar da John Russell, wanda ya wallafa littafi kan wannan fasaha a 1772. A garin Bath kuwa, inda masu hali ke zuwa jinya da ruwan ɗumi, William Hoare ne ya riƙe kasuwar shekara da shekaru.

Abin da mai tara irin waɗannan hotuna ya kamata ya fara ganewa shi ne, abin da yake saye gari ne. Garin launi ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a murza shi ya zama sanda, a goga a kan takarda, sau da yawa shuɗiya, wadda aka manna a jikin yadi. Russell da yatsa yake murza launin har ya yi laushi kamar fatar mutum. Babu mai, babu ruwan sheƙi da zai koma ruwan ɗorawa da tsufa. Shi ya sa kumatun yarinyar da aka zana shekara 250 da suka wuce ke nan jawur, alhali wasu hotunan fentin mai na zamaninta sun dushe.

To amma garin nan zaune kawai yake a kan takarda. Girgizar mota tana kakkaɓe shi, laima tana kawo masa fumfuna, yatsa ɗaya ya isa ya share ido. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu fesa masa maganin kama gari da sunan kariya: launin sai ya yi duhu, hasken fuskar ya mutu, kuma ba gyara.

Don haka gwanayen harkar, idan suka je gidan gwanjo, ba su cika daɗewa a kan fuskar ba sai sun juya bayan firam. Suna duba ko tsohon katakon yana nan, ko gilashin na asali ne mai ɗan lanƙwasa da kumfa, ko akwai tsohuwar takardar da aka liƙa. Sannan su nemi sunan mai zanen a ƙamus ɗin masu zanen fastel na Neil Jeffares na 2006, domin an sha liƙa wa aikin almajiri sunan Cotes ko Russell.

A ganina, fastel ɗin da ba a taɓa buɗe firam ɗinsa ba, ko da mai zanen ba sananne ba ne, ya fi na babban suna da aka yi ta yawo da shi daga baje koli zuwa baje koli har garinsa ya taru a ƙasan gilashi.