Bunsuru Biyu da Rago Ɗaya: Sharhi a kan Littafin René Girard Game da Hadaya

Gabatarwa

A shekarar 1982 masanin adabi ɗan ƙasar Faransa, René Girard (1923–2015), ya wallafa littafinsa Le Bouc émissaire, wato bunsurun da aka aika. Littafin ya samu karɓuwa a tsangayoyin nazarin addinai, kuma ɗalibin da ya yi karatunsa da Larabci yakan gamu da maudu'insa a ƙarƙashin lafazin "kabshul fida'", ragon fansa. Tun daga wannan fassara aka samu gurɓata: bunsuru ya koma rago, wanda aka kora ya koma wanda aka yanka. Wannan sharhi zai auna littafin da nassin da ya ari sunansa, da kuma fahimtar malaman Yahudu da na Nasara.

Da'awar littafin

Girard ya buɗe da wata waƙa ta Guillaume de Machaut, mawaƙin Faransa na ƙarni na 14, wadda ta ɗora wa Yahudawa laifin zuba guba a ruwa lokacin annobar da ta cinye Turai wajen 1349. Mai karatu na yau ya san zargin ƙarya ne, kisan kuwa ya auku da gaske. Daga nan marubucin ya fitar da ƙa'idarsa: idan bala'i ya ruɗa al'umma, takan haɗa kai a kan mutum guda ko jama'a marasa rinjaye masu wata alama ta daban, kamar baƙunta ko nakasa, ta ɗora musu laifi, ta hallaka su, sai hankali ya kwanta. A ganinsa, hadayar dabba maimaici ne na irin wannan kisa na farko da aka manta asalinsa, kuma Linjila ce ta tona asirin, domin ta ba da labarin daga ɓangaren wanda aka zalunta.

Dole a yaba wa rabin farko na wannan da'awa. Bayanin yadda taron jama'a ke gaskata zarginsa da zuciya ɗaya yana daga mafi kyawun abin da aka rubuta a kan zalunci na gayya. Rabin na biyu ne ke buƙatar bincike.

Abin da nassin Attaura ya ƙunsa

Asalin maganar yana sura ta 16 ta Littafin Firistoci, inda aka tsara ibadar Ranar Kaffara, ranar goma ga wata na bakwai. Babban limamin yakan fara da gabatar da bijimi domin kansa da iyalinsa. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a: ɗaya na Ubangiji, ɗaya na Azazel. Na farkon ana yanka shi, a shiga da jininsa wuri mafi tsarki a yayyafa. Na biyun ba a yanka shi. Limamin yakan ɗora hannayensa biyu a kansa, ya furta zunuban Bani Isra'ila, sannan wani mutum ya ja shi zuwa jeji ya sake shi.

Ayyuka biyu ne mabambanta. Jacob Milgrom, a sharhinsa na 1991, ya kafa hujja cewa jinin na farkon wurin ibada yake tsarkakewa daga dauɗar da laifukan mutane suka jawo masa, shi ya sa ake shafa shi ga mahadaya, ba ga mai laifi ba. Na biyun kuwa a wurinsa ba hadaya ba ne, abin ɗauke kaya ne kawai. Kan Azazel ma malamansu sun saɓa: Rashi ya ce dutse ne mai tsauri, Nahmanides ya karkata ga cewa wani halitta ne na jeji, Littafin Anuhu kuma ya sa shi cikin mala'ikun da suka yi tawaye. Makamancin sunan, Azazil, ya shigo wasu littattafan tafsiri a matsayin sunan Iblis na farko, kuma ba ya cikin Alƙur'ani.

Idan aka ɗora ƙa'idar Girard a kan wannan nassi, sai ta yi tuntuɓe sau uku. Na farko, babu alamar da ta ware bunsurun. Ƙuri'a ce ta zaɓe shi, har Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, ta so su biyun su yi daidai a kama da tsawo da farashi. Na biyu, sura ta 5 ta yarda matalauci ya kawo garin alkama a madadin dabba domin zunubinsa, kuma kaffarar da gari ke isar mata da wuya a ce tushenta kisa ne. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne lafazin da ake furtawa. Masu farautar Yahudawa a 1349 cewa suke yi laifin na wancan ne. Limamin Ranar Kaffara cewa yake yi laifin na jama'arsa ne, bayan ya fara da nasa. Wancan zargi ne, wannan iƙirari, kuma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin girman kai da tuba.

Adalci ya wajabta a ambaci abu biyu. Girard da kansa ya ce yana nufin ma'anar kalmar ta yau da kullum, ba ibadar Firistoci ba. Haka kuma Mishna ta ruwaito cewa a zamanin Haikali na biyu ana tunkuɗa bunsurun daga kan dutse, wasu ma suna fizgar gashinsa a hanya, wanda ya yi kama da abin da yake siffantawa. Sai dai wanda ya yi da'awar bayyana asalin hadaya duka ba shi da uzurin kauce wa nassin da ya fi kusa da sunan littafinsa. Malaman Yahudu kuwa ba su fahimci ibadar a matsayin sauke nauyi a kan wani ba. Musa bin Maimun, a Dalalatul Ha'irin da ya rubuta da Larabci a Masar wajen 1190, ya bayyana cewa zunubi ba kaya ba ne da za a sauke daga wani gadon baya zuwa wani, aikin misali ne da ke zaburar da zuciya ga tuba. Mishna ma ta ce ranar ba ta kankare haƙƙin mutum sai an nemi yardarsa. Wannan ne ya sa ranar ta ci gaba da azumi da addu'a bayan Rumawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, ba tare da bunsuru ba.

Karatun Nasara

A Sabon Alkawari ba a kira Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bunsuru ba. Linjilar Yohanna ɗan rago ta kira shi, Linjilar Matiyu kuma a sura ta 25 ta ajiye awaki a hagu, ɓangaren waɗanda aka hukunta. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ce ta ɗauki Ranar Kaffara, ta ce jinin bijimai da awaki ba ya kawar da zunubi, ta mai da shi babban limami kuma abin hadaya, bisa aƙidarsu ta gicciye. Bunsurun da aka yanka ta dogara da shi, ba korarren ba.

Marubutan ƙarni na 2 ne suka haɗa biyun. Wasiƙar Barnaba, wadda ba ita ce Linjilar Barnaba da ta shahara a hannun Musulmi ba, ta mai da su duka ishara zuwa gare shi. Yustin Shahidi ya ce suna nuna zuwansa biyu. Orijin kuwa, a ƙarni na 3, ya ga Barabbas a cikin bunsurun da aka saki. Wannan saɓani ya nuna cewa tawili ne, ba nassi ba. Girard ya gāji wannan haɗi, sannan ya juya shi: a wurinsa gicciye ba biyan bashi ba ne, fallasa ne ga tsarin hadaya. Saboda haka a littafinsa na 1978 ya soki Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, daga baya ya janye sukar. Ƙa'idar da ta tilasta wa mai ita yin karo da nassin addinin da take karewa, akwai alamar ta yi wa hujjojinta faɗi.

Ragon fansa

Saura lafazin Larabci. Aya ta 107 ta Suratus Saffat ta ambaci fansar ɗan Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, da abin yanka mai girma, kuma malaman tafsiri suka ce rago ne. Fansa ce daga yanka bayan an ci jarrabawa, ba a furta zunubin kowa a kan ragon ba. Aya ta 37 ta Suratul Hajji ta sanya taƙawa ce mai isa ga Allah, ba nama ko jini ba, aya ta 164 ta Suratul An'am kuma ta kore ɗaukar wa wani nauyin laifinsa. Yankan fidiya ga mahajjacin da ya aske kansa saboda lalura, a aya ta 196 ta Suratul Baƙara, ana iya musanya shi da azumi ko sadaka. Duk wanda ya kira korarren bunsuru "kabshul fida'" ya cakuɗa abu uku: jinin da ke tsarkake wuri, dabbar da ke tafiya da iƙirari, da ragon da ya tsaya a madadin ɗa.

Kammalawa

Littafin Girard ya cancanci karatu a matsayin madubin al'ummar da ke neman wanda za ta ɗora wa masifarta, kuma wannan cuta ba ta keɓanta da wani addini ba. Amma bai isa ya zama mabuɗin Littafin Firistoci ba, balle na layya. Mai nazarin addinai da ke son a siffanta ibadarsa yadda take, wajibi ne ya siffanta ta wasu yadda masu ita suka fahimce ta kafin ya yi mata hukunci. Allah ne mafi sani.