Zaman Makoki da Tambayar da Ba a Furtawa

A zaman makoki akwai tambayar da ke cin ran kowa amma ba mai fitar da ita: Allah mai rahama ne, to me ya sa ya ɗauke yaron da ko yaye bai kai ba? Abin da kunne ke ji kawai shi ne "Ya haƙuri?", mai rashi ya amsa "Da godiya", a shafa fatiha, a ba na baya tabarma.

Kada a ɗauka shirun nan rashin tunani ne. Malaman zaure da suka karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi sun gaji aƙidar Ash'ariyya, wadda ta ce babu abin da ya wajaba a kan Allah, kuma mai iko da abinsa ba a kiransa azzalumi. Magana ce mai nauyi, ba kuma a kai ta gaban uwar da nononta ke zuba. Ita sai a ce mata "Allah ya sa mai ceto ne", wato ɗan zai tsaya mata gobe kiyama. Mai jinya a tuna masa da Annabi Ayuba, a ce ciwo kaffara ne. Wanda hankalinsa ya ƙi kwanciya a ba shi labarin Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi, inda aka huda jirgi, aka kashe yaro, bayanin ya zo daga baya. Ni dai a ganina wannan ya fi sauran gaskiya, don ya yarda cewa annabi ma ya kasa daurewa har sau uku.

Ƙarfin al'adar yana cikin zaman kansa. Maƙwabta su kawo abinci, dangi su kwana, ba a barin mutum shi kaɗai da tunaninsa. Ko da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta soki sadakar uku da bakwai da arba'in, gaisuwar ba ta gushe ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan mai hannu a cikin ɓarnar ya ari bakin masu ta'aziyya. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Uwa a can ta ce kwana ne ya ƙare, kuma da haka ta iya ci gaba da rayuwa. Hukuma ba ta da wannan uzuri, ga shi kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega, ɗaya daga cikin wuraren da gubar ta shafa, bai fara ba sai 2013. Masu wa'azi sun san cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da Abu Ubaida ya yi masa ƙorafi ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. A tafsirin azumi ana kawo wannan ƙissa, amma da wuya ka ji ta ranar da manya suka zo gaisuwa da jerin motoci.