"Ko za ka sake duba wannan?"

Kai mai shirin karatu a Ingila, malamin jami'a a can da wuya ya rubuta maka "gyara". Sai ya ce "wataƙila za ka so ka sake duba wannan babi". Ka ɗauka shawara ce, ka miƙa kundin haka, sai ga maki ƙasa da 50, alhali 50 ake ci a digiri na biyu.

Mu ma fa muna da irin wannan. In baba ya ce "ko za ka rufe ƙofar?", siffar tambaya ce, amma umarni ne. Sai dai a gida kana jin murya, kana ganin fuska. A gefen takarda babu ko ɗaya, don haka a ganina karar ta yi wa baƙo yawa.