Ka ba ni shirin Lisp, ka riƙe mukullin a aljihunka

Jiya wani ɗan'uwa ya turo mini ƙaramin shirin Common Lisp da ya rubuta. Na loda shi a SBCL, nan take ya ƙi tafiya, wai babu fayil. Da na leƙa ciki, sai ga layi na uku yana neman /home/sunansa/aiki/bayanai.txt. Haba malam! Wannan foldar a kwamfutarka kaɗai take, ni ina zan samo ta?

Masu ɗan wayo kuma sai su rubuta (load "kayan-aiki.lisp") kurum, suna zaton Lisp zai duba gefen fayil ɗin da ake ciki. Ba ya dubawa. Sunan yakan haɗa shi da *default-pathname-defaults*, wanda galibi foldar da kake tsaye ce lokacin da ka kunna Lisp. Ka kunna daga wani wuri, shiri ya watse, kai kuma kana rantsuwa cewa da safe yana aiki. Yana aiki mana, a ɗakinka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin yana nan tun ƙa'idar ANSI ta 1994: *load-truename* lokacin lodawa, *compile-file-truename* lokacin harhaɗawa. Sai dai akwai tarko. ASDF, manhajar gina shirye-shiryen Lisp, yana jibge fayilolin da aka harhaɗa, wato fasl, a ~/.cache/common-lisp/, don haka in fasl aka loda, can *load-truename* zai nuna, nesa da bayanai.txt ɗinka. In kuma ka sa *load-truename* cikin aikin da za a kira bayan an gama lodi, NIL za ka samu. Shi ya sa tsofaffin hannu ke rubuta #.(or *compile-file-truename* *load-truename*), don a kama hanyar tun ana karanta fayil ɗin.

Na yarda, wannan layin ba shi da kyan gani, kuma masu Python da __file__ ɗinsu sun fi mu hutawa a nan. Amma wanda ya riga ya rubuta fayil ɗin .asd na ASDF ba shi da uzuri ko kaɗan, tunda asdf:system-relative-pathname na zaune yana jiransa: ka ba shi sunan shirin da sunan fayil, ya miƙo maka cikakkiyar hanya a kowace kwamfuta.

Da shi na gyara layi na ukun nan, na mayar wa ɗan'uwan. Yau da safe ya turo wani fayil ɗin, na buɗe, /home/sunansa na nan a layi na biyar.