Kakan da Takarda ta Sani

A ƙananan garuruwan Amurka, ɗakunan karatu cike suke da wani irin rubutu da ba kasafai ake ganinsa a kasuwa ba, wato tarihin kakan gida. Jika ko tattaɓa-kunne ne, galibi bayan ya ajiye aiki, yake bin sawun wani manomi da ya rasu shekara ɗari ko fiye, ya faɗi inda aka haife shi, da wadda ya aura, da 'ya'yan da ya bari, da maƙabartar da yake kwance. Ina ganin girman wannan aiki, domin zumunci ne da mamaci. Sai dai akwai abin da ke damuna game da shi.

Rubutun gaba ɗayansa a kan takarda ya jingina. Akwai Baibul na gida da ake rubuta haihuwa da aure da rasuwa a cikinsa, akwai ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, wadda tun 1850 ta fara kawo sunan kowane ɗa mai 'yanci a gida. Akwai kuma takardar gona. Dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba mutum eka 160 idan ya zauna a wurin ya nome shi shekara biyar, kuma duk wanda ya cika sharaɗin ya bar shaida a ofishin gwamnati. Saboda haka mai gona ya samu tarihi, ɗan ƙodagon da ya yi masa shara da girbi kuwa ya wuce kusan ba labari.

Littattafan tarihin gundumomi, da suka yawaita bayan bikin cikar ƙasar shekara ɗari a 1876, sun ƙara karkata ma'aunin. Wakilan kamfanonin ɗab'i suna bin ƙauyuka, manomin da ya biya kuɗin littafin a sa labarinsa, wanda ya ƙara kuɗi a sa har da hotonsa. Bahaushe ya san wannan harka sarai: wanda ya ba maroƙi shi ake wasawa. Shi ya sa kowane kaka a ciki mai gaskiya ne, mai ƙwazo, wanda ya tashi da hannu biyu kawai. Jikokin yau kuma sukan kwashe wannan kirari su zuba a rubutunsu kamar shaidar kotu.

Mace tana aure sunan gidan ubanta ke ɓacewa daga takardu, sai a ƙare da "matar wane". Lamarin bayi ya fi ciwo. A ƙidayar 1850 da ta 1860 an jera su ƙarƙashin sunan ubangidansu, shekaru da jinsi da launin fata kawai, ba suna. Sai a 1870 aka rubuta yawancinsu da sunayensu, kuma a nan ne baƙaƙen fata masu neman asali sukan ci karo da bango.

Wannan bangon ne Alex Haley ya nemi tsallakewa da littafinsa Roots a 1976. Ya faro daga hirarrakin da ya ji a gidan kakarsa a garin Henning na jihar Tanesi, ya bi zaren har ƙauyen Jufure a Gambiya. Masana tarihi sun yi jayayya da wasu daga cikin hujjojinsa, kuma suna da dalili. Duk da haka ya tilasta wa wannan fanni ya saurari bakin tsofaffi, ya kuma sa dubban mutane suka shiga neman kakannin da takarda ta ƙi ambata.

Mai karatu, idan irin wannan tarihi ya zo hannunka, ka karanta shi da mutuntawa, sannan ka tambayi wa ya biya kuɗin rubuta shi, da kuma su wa suka yi noman gonar da ba a kawo sunansu ba.