Hannu Kafin Alƙalami

In ka leƙa ajin share fage da hantsi, a inda aka dace da malama ƙwararriya, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne natsuwar da ke ciki. Ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5, kowa da abin da ya sa a gaba. Wata yarinya na juye wake daga wannan moɗa zuwa waccan, ta ɗan ciji leɓe don kada ƙwaya ɗaya ta zube. Wani yaro na zura igiya cikin murafan kwalba da aka huda. Can gefe, biyu sun durƙusa gaban tire mai yashi, su zana da yatsa, su shafe, su sake zanawa. Malama kuwa tana tsugune, hannaye bisa cinya, ido na zagaya aji. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka hutawa take yi, alhali a lokacin ne aikinta ya kai tsakiya.

Wannan sana'a tana da tarihi. A shekarar 1840 Friedrich Froebel ya kafa lambun yara a garin Bad Blankenburg na Jamus, ya miƙa wa yara ƙwallaye da guntayen katako su yi gini. Sai dai wadda ta fi kowa tace wannan hanya ita ce Maria Montessori, likita 'yar Italiya da aka haifa a 1870. Ranar 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan ma'aikata da iyayensu ke fita neman abinci su bar su suna gararamba a gida. Da idon likita ta shiga ajin: ta zauna, ta duba, ta rubuta abin da ta gani. Ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 da ta yi ta cusa ƙananan turakun katako cikin ramukansu tana zarewa, fiye da sau 40. Sauran yara suka yi ta waƙa a kusa da ita, aka ma ɗaga kujerar da take zaune a kai, amma ko gezau. Daga nan Montessori ta gane cewa hankalin ƙaramin yaro ta hannunsa ake kama shi.

To, ina gwanintar malama take? Tana farawa tun kafin yara su iso. Kowane abin aiki darasi ɗaya tak yake ɗauke da shi. Dubi hasumiyar katako da ake gani a ajin Montessori: dunƙule 10 ne, duk launi ɗaya, ruwan hoda, duk siffa ɗaya. Ƙaramin cikinsu santimita 1 ne ta kowane gefe, babban santimita 10. Da an yi musu fenti kala-kala, da launi ya ɗauke hankalin yaro. Tunda girma kaɗai ya bambanta su, girma zai lura da shi. Yana ɗaukar ƙaramin da yatsu biyu, babban kuwa sai ya sa hannu bibbiyu, don ya ninka ƙaramin sau 1,000. Kafin ya san kalmar lissafi, nauyin lissafi ya riga ya ratsa damtsensa.

Sai nuni. Malama gwana ba ta haɗa magana da motsi, domin in baki na aiki, yaro fuska zai kalla ya bar hannu. Sai ta ce, “Zo ka gani,” ta zauna kusa da shi, ta kama moɗa, ta karkata ta sannu a hankali, ta jira ƙwayar ƙarshe ta faɗa, ta ajiye ba tare da ƙara ba. Abin da babba ke yi cikin ƙiftawar ido, ita ta rarraba shi gaɓa-gaɓa. Gani ya kori ji.

Abu na uku shi ya fi wuya, wato kame hannu. An ƙera kayan ta yadda su da kansu za su nuna kuskure. In yaro ya sa turke a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe zai ga saura ɗaya a hannunsa babu inda zai shiga. In ya yi gaggawa wajen zuba ruwa, tire zai jiƙe, ga soso a gefe yana jira. Ba sai an ce masa “ka yi kuskure” ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana fama da maɓallin riga ya san yadda hannu ke ƙaiƙayin taimako. Malama takan danne wannan ƙaiƙayi, don ta san in ta ɓalla masa maɓallin ta ƙwace masa daɗin cewa, “Malama, na iya!”

Idan lokacin koyar da suna ya zo, tana bin matakai uku da Montessori ta ɗauko daga likitan Faransa Édouard Séguin. Da farko ta ce, “Wannan mai kaushi ne, wannan mai santsi.” Sannan ta ce, “Miƙo mini mai kaushi,” ta yi ta juya wasan har ya zauna. Sai ta tabbata ya kama kafin ta tambaya, “Wannan fa?” In ya kasa, ba tsawa ba gori, ta ajiye zuwa gobe.

Haka ake isa ga rubutu. Ana yanka haruffa da sanfefa a manna a kan allo mai santsi, yaro ya bi da yatsu biyu yana furta sautin. Malamar Hausa na iya yanka ɓ da ɗ da ƙ, yatsa ya san lanƙwasarsu kafin ido ya rikita su da b da d da k. Yatsu ukun da ya yi watanni yana tsintar wake da su, su ne za su riƙe fensir. Montessori ta ba da labarin ranar da wani yaro a San Lorenzo ya karɓi alli, ya durƙusa a kan daɓe, ya rubuta kalmarsa ta farko. Kalmar kuwa ita ce “hannu” da harshen Italiyanci.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Yarinyar da ke tuwon ƙasa tana auna ruwa da gari ne. Mai carafke tana ƙirga da saita ido da hannu. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota ya san cewa ƙafafu sai sun daidaita kafin ta gangara. Ɗan makarantar allo yana wanke allonsa, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada. Saboda haka malamar da ba ta da kuɗin kayan Turai ba ta rasa komai ba: ga ƙwallayen dabino na ƙirga, ga yumɓu, ga faifai da rariya, ga yashi a bakin ƙofa. Abin da ake bukata shi ne ido mai zaɓe, da kula kada ƙananan abubuwa su kai bakin 'yan ƙanana.

Iyaye kan ƙosa su ga littafi cike da rubutu, har wani ya ce an tura yaro makaranta ya dawo da laka a riga. Ina roƙonsu su dubi yatsun nan da kyau. In yaronka ya dawo gida ya zuba wa kansa ruwa bai zubar ba, ya ɗaura igiyar takalminsa, ya zauna kan abu ɗaya har ya gama, ka san akwai wata baiwar Allah da ta yi makonni tana tsugune a gefensa, ta ga yana fama, ta haɗiye taimakonta ta bar shi ya iya. Gobe in ka kai shi makaranta, ka tsaya ka gaishe ta da kyau.