Wakilin Na'ura da Karin Harshen Zamfara: Ɗan Tsokaci

Tun fitowar ChatGPT a 2022 ake ta ƙera abin da ake kira wakilan na'ura, wato manhajojin da aikinsu bai tsaya ga amsa tambaya ba, har da zartarwa: su cika takarda, su aika saƙo, su tura majinyaci inda ya dace. Masu kula da su kan auna amincinsu da jerin tambayoyin gwaji. Abin dubawa shi ne, da wace Hausa ake shirya tambayoyin?

Galibin Hausar da na'ura ta koya daga intanet Daidaitacciyar Hausa ce ta kafofin labarai, mai tushe a karin Kano. Ba ita ake yi a Tungar Guru ba. Wannan ƙauye na ƙasar Bukkuyum yana cikin waɗanda gubar dalma ta afka wa a 2010, lokacin da aka riƙa dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje, har yara aƙalla 400 suka rasu a Zamfara. Ƙura ce ta kai gubar cikinsu. To, mai rubutu a wayar hannu ba kasafai yake sa lanƙwasa ba. "Kura" zai rubuta, na'ura ta zaɓa tsakanin ƙurar ƙasa da dabbar dawa da amalanke. Sauran jimlar takan cece ta, amma saƙon mai gaggawa gajere ne.

Haka kuma Bazamfare kan ce "anka kai shi asibiti" inda Bakano zai ce "aka". Wakilin da ke cika takardar jinya yana iya ɗaukar kalmar a sunan gari, ya rubuta cewa yaron yana asibitin Anka. Kuskuren fassara a takarda ana iya karanta shi a gyara. Na wakili kuwa, kafin a farga an aika saƙo, an nufi wani gari.

Ƙamusun Bargery na 1934 ma, duk da tsufansa, yakan nuna kalmar da ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Jerin gwajin da bai kai wannan matsayi ba bai cancanci ya ba da shaidar aminci ba. Sa'an nan gwaji ɗaya bai isa ba, domin kamfanoni suna sabunta ƙwaƙwalwar harshen akai-akai, abin da ta gane bara tana iya ɓata shi bana. Ya kamata a ajiye tarihin kowane mataki da wakili ya ɗauka, kuma a batun lafiya kada saƙo ya fita sai ma'aikacin da ya tashi da "munka" da "sunka" a bakinsa ya duba.